Ɗaurin Laburare

Gwaggo Hester,

Don Allah ki taimake ni. Na tafka aika-aika, kuma ni kaɗai na tafka ta, ba wanda ya sa ni. Kwana tara ke nan ina ɗauko takarda ina mayarwa. Yau dai na ce sai na rubuta, domin nan da mako uku za a sallamo maigidana, ni kuwa har yanzu ban san da wane baki zan tarye shi ba.

Bari in faro daga tushe, in ba haka ba zan ruɗa ki kamar yadda na ruɗa kaina. Sunayen da zan sa duk na aro ne. Na gaskiyan suna cikin 'yar takardar da na maƙala a baya, ita ba ta bugawa a filinki na jarida ba ce. Maigidana mu kira shi Orrin. Shekararsa saba'in da ɗaya, aurenmu shekara arba'in da huɗu. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma mutum ne da ko cokula ya wanke sai ya jera su bisa tsawo. Ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya zuwa farauta kamar sauran mazan garinmu. Cutarsa ɗaya ce, mujallar tsofaffin kayan zamanin da ɗin nan ta wata-wata, kin san ta, mai farin bango da hoton kujera ko agogo ko tulun tangaram a tsakiya. Yana da ita tun daga Janairun 1930 har Disambar 1975. Guda ɗari biyar da hamsin da biyu, babu giɓi ko ɗaya.

Shekara talatin da wani abu ya yi yana haɗa su. Na ci taɓon kasuwar tsofaffin kaya ta Brimfield har na gode Allah, ina riƙe da lema da gorar kofi, shi kuwa ya durƙusa a ƙarƙashin teburin mutane yana tonon kwalaye kamar kaza. Ranar da ya samo ta ƙarshe, a cikin kwalin ayaba ya tsince ta, ana zuba ruwa. Ya cusa ta cikin rigarsa, ya kama hannuna ya juya ni a gaban jama'a, mutumin da ko a bikin aurenmu sai da aka ja shi filin rawa. Ɗakin 'yarmu Corinne da ke sama ya mayar gidansu bayan ta yi aure. Kowacce da rigarta ta takarda, ga injin tsotse danshi yana gurnani rani da damina, kuma ba a shiga da kofi. Corinne takan ce tana da ƙanne ɗari biyar da hamsin da biyu, duk an fi son su, har ɗakinta suka ƙwace.

Akwai wata ɗabi'arsa da na daɗe ina yi wa dariya. Orrin bai taɓa buɗe mujalla ta gaba ba. Ta baya yake farawa, wajen tallace-tallacen dillalai, da fensir a kunne. In na ce masa masu hankali daga gaba suke soma karatu, sai ya ce, "Tsohuwa, gaban na malamai ne, bayan shi ne na mutane." Wani lokaci yakan ƙwala kira daga sama, "Nettie, zo ki ga wani abu!" Ni kuwa amsata ɗaya ce, ina zuwa, wake na kan wuta. In ba wake ba wanki, in ba wanki ba waya da ƙanwata. Ba da mugunta nake yi ba. A ganina mutum na da abin sha'awarsa, ni ina da nawa, kowa ya ji da nasa, ai zaman lafiyar ke nan.

A watan Fabrairu yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki, gefen dama. Allah ya yi da sauran kwana. Daga asibiti aka mai da shi gidan jinya inda suke koya masa tafiya da magana, suka kuma gaya mini kada in sa rai zai hau bene nan kusa, watakila ma har abada. Muka fitar da teburin cin abinci, muka sa masa gado a ƙasa kusa da murhu. Ina tsaye a ɗakin ina kallo, sai na ce a raina, to 'ya'yansa na takarda fa? Suna can sama shi yana nan ƙasa, matakala goma sha huɗu a tsakaninsu. Wurin da ya rage kanta ɗaya ce a ƙarƙashin taga. Ga tsofaffin cikinsu bayansu ya soma marmashewa, mai hannu biyu ma sai ya lallaɓa, balle mai hannun hagu kawai. Nan dabara ta faɗo mini, kuma wallahi har daɗi na ji, na ce kai Nettie, ashe kina da kai. Zan kai su a ɗaure su littafi-littafi, ya dawo ya tarar da su kusa da gadonsa.

Akwai wani dattijo mai ɗaurin littattafai a garin da ke gaba da mu, shi ke yi wa kwaleji aiki. Sawu uku na yi da mota kafin na gama kwasa. Ya ɗaga guda ɗaya, ya juya ta, ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaya ko ɗaurin laburare nake so ko a ɗaure su yadda suke. Gwaggo Hester, ni da na ji laburare sai na ɗauka shi ne mai daraja, mai ƙarko, irin na manya. Wa zai ji laburare ya zaɓi wani abu? Na ce na laburare. Ya sake tambaya ko na tabbata. Lokacin ziyara na neman wucewa, ga miyar kaza a mota tana hucewa, sai na ɗan harzuƙa na ce, "Malam, na ce maka na laburare, mijina ba ya son aikin jeka-na-yi-ka." Ya ce to shi ke nan, ashe kowace shekara littafi ɗaya zai ɗauke ta. Ni wawiya sai murna, na ce lallai za su shiga kantar. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina yadda tulin da ya kai tsawon hannuna zai koma kaurin tafi ɗaya ba. Na zaɓi koren yadi, na ce a buga sunansa da ruwan zinariya a gindin kowanne.

Bayan mako shida na ɗauko su. Littafi arba'in da shida, kyau kamar me, har ƙanshi suke. Na jera su, suka cika kantar cif. Na ja da baya ina kallo, na share hawaye, na ce yau na yi wa Orrin abin da zai tuna. Sai na hau sama in sauko masa da kayan teburinsa, gilashin ƙara girman rubutu da fensirorinsa. A nan na ga akwatin katakona na rubuta girke-girke, wanda ya ara tun Corinne na firamare bai dawo da shi ba, har na gaji da cigiya. Na buɗe. Cike yake da katuna, ɗaruruwa, da ƙananan rubutunsa na gidan waya. Kowane kati da sunan kaya, da wata, da shekara, da lambar shafi. Amma lambobin duk na Romawa ne, su xii da xxxi. Na ce bari in gwada sabbin littattafan in ga yadda zai ji daɗin nema. Na zaro kati ɗaya da ya fi sauran tsufa, gefensa har ya yi laushi don taɓawa. Maris 1938, shafi na xxxi. Na sauko na buɗe koren littafin 1938. Na duba gaba, na duba baya. Babu xxxi. Babu lambar Romawa ko ɗaya. Babu bango. Babu talla ko ta allura. Na ɗauko 1951, haka. Na ɗauko 1959, haka. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba.

Na tuƙa mota zuwa wurin dattijon, ban ma cire takalmin gida ba. Shi ya fahimtar da ni abin da duk mai karanta filinki ya sani ban da ni. Ɗaurin laburare shi ne a cire bango, a cire shafukan talla na gaba da na baya, a ɗinke bayanan malamai kaɗai, a datse gefe da wuƙar inji. Haka aka saba yi don kada kantoci su cika. Ya ce ai sau biyu ya tambaye ni. Gaskiyarsa. Na ce ina waɗanda ya cire? Ya ce motar masu kwasar tsofaffin takardu ta ɗebe su mako uku da suka wuce, zuwa yanzu an jiƙa an niƙe. Da ya ga fuskata sai ya cire tabarau, ya shiga ciki ya ciro bango goma sha ɗaya da ya kafe a jikin garu, wai kyansu ya hana shi zubarwa. Ya miƙo mini su. Na je da niyyar in wanke shi tas, na dawo ina ba shi haƙuri.

Da na dawo gida na zauna da akwatin na karanta katunan ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi shekaru talatin da suka wuce. Mahaifin Orrin, mu kira shi Lyman, yana da ɗan shagon kayan da a bakin hanya kafin yaƙin duniya na biyu, yakan sa 'yar talla a bayan mujallar nan. Wannan na sani. Na kuma san mahaifiyarsa Adelia ta rasu da tarin fuka yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Sau ɗaya tak, muna neman aure, ya taɓa ambata mini akwatin bargunanta, shuɗi, da zanen tsuntsaye biyu suna fuskantar juna, wanda ta zo da shi daga gidan kakarta, aka sayar da shi don a kai ta asibitin masu tarin fuka da ke kan dutse, ba ta kuwa dawo ba. Ya faɗa ya wuce, ni ma na wuce. Ashe duk shekarun nan sawun kayan da suka fita daga shagon babansa yake bi, daga hannun wannan dillali zuwa wancan, ta cikin tallace-tallace. Ashe kuma cikin su duka akwatin nan yake nema. Katin da na zaro nasa ne. Maris 1938, xxxi, tallar babansa da hoton akwatin. Oktoba 1951, xlvi, ya ɓulla a wani shago a Connecticut. Mayu 1959, lxii, a Pennsylvania. Daga nan sawu ya ɓace. Na juya bayan katin. Ya rubuta da fensir, da kwanan wata na 1967: "In na same shi, ƙarƙashin tagar Nettie zai zauna. Za ta so tsuntsayen."

Tagar nan, Gwaggo Hester, ita ce wadda na jera koren littattafan a ƙarƙashinta.

Abin bai tsaya nan ba. Ta Maris 1938 ɗin ba sayenta ya yi ba. Ta babansa ce, ita kaɗai ta rage daga shagon, da 'yar takardar adireshi mai sunan Lyman manne a bangon baya. Na zazzage bango goma sha ɗayan nan har sau uku kamar za su haihu. Ba ta ciki.

Corinne na gaya wa kawai. Ta yi kuka, ta share, sai ta koma 'yar babanta mai tsara abu. Ta ce akwai wani mutum a Ohio da ke talla a jaridarku yana da cikakken jeri irin wannan. Mu saya, mu zura su cikin rigunan takardar da na bari a sama, ita ta kwashe korayen ta ɓoye a gidanta. Ta ce, "Mama, Baba ba zai hau benen nan bana ba, in ma ya nemi wata sai ki sauko masa da ita, ina zai gane?" Tsoronta kada labarin ya sake kayar da shi, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba. Amma alamun fensirinsa fa da ke gefen kowace talla? Sunan Lyman fa? Orrin da ke gane mujallarsa da ƙanshi? Ban da haka, ni a shekara arba'in da huɗu ƙaryar da na taɓa yi masa ba ta wuce in ɓoye ragowar kek in ce ya ƙare ba.

Kullum da rana nakan je wurinsa. Maganarsa ta fara dawowa, a hankali, kalma-kalma. Kin san tambayar farko da ya iya haɗawa? Ba ni ya tambaya ba, ba Corinne ba. Injin danshi ya tambaya, ko yana aiki. Na ce yana aiki. Kuma yana aikin, na bar shi a kunne yana tsotsar iska a ɗakin da babu komai, don kada amsata ta zama ƙarya. Mai koya masa tafiya ta ce duk cikin majinyatanta ba wanda ya kai shi naci, kullum sai ya roƙi a ƙara masa taku goma, wai yana da aiki a gida bai gama ba. In na ji haka sai in shiga bayi in buɗe famfo in yi kukana in fito.

Kada ki damu cewa zai ga wasiƙar nan. Yanzu ba ya iya riƙe jarida, ni nake karanta masa jaridarku duk ranar Laraba. Filinki yake fara nema, yakan ce matar nan bakinta kamar reza amma ta san kujera. Makon da kika buga wannan zan ce ba ki yi rubutu ba, in tsallake. Kin ga har na fara koyon ƙaryar.

To ki gaya mini. In bi shawarar Corinne, ko in faɗa masa? In faɗa ɗin ne, yaushe, kuma ta ina ake fara irin wannan magana? Asarar takardun tana cina, amma abin da ya fi cina shi ne mutumin nan ya yi ta kirana in zo in gani, ni ina fama da wake. Da sau ɗaya na hau benen nan, da na san abin da ke bayan mujallar, da ko da wuƙa a wuya ba zan ce na laburare ba. Ina sonsa, Gwaggo Hester, kuma ina tsoron ranar da zai dube ni ya gane ban taɓa sanin abin da yake yi ba.

Taki cikin damuwa,
Wadda ta ce na laburare, New Hampshire

*

Nettie, 'yar'uwata,

Fara da kashe injin danshin nan, wuta kawai yake sha. Sannan ki haɗa shayi ki zauna, maganata da ke tana da ɗan tsawo.

Ba zan shafa miki mai a baki ba, an yi asara. Alamun fensirin shekara talatin sun tafi, mujallar Lyman mai sunansa ta tafi, kuma babu dillalin da zai sayar miki da su. Duk wanda ya ce miki ai takarda ce kawai, bai san mu ba. Amma ki sani ba ke kika fara ba. Kalmar nan ta ci mutane da yawa, har da masu digiri a kan kayan da, kuma manyan laburare sun yi shekaru suna zubar da shafukan da yanzu suke nema ido rufe. Laifin ma ba naki ba ne ke kaɗai. Mai ɗaurin ya tambaya sau biyu, amma tambaya biyu da kalmar da mutum bai sani ba, ba ta kai bayani ɗaya ba. Da ya ce, "Uwargida, zan yage bango da talla in zubar," da ko miyar ta daskare kin tsaya. Ke kuma gaggawa ta ja ki, da son ki ba da mamaki. Kayan da mutum ya tara, ko ƙura za a kaɗe musu, a tambaye shi tukuna.

Shawarar Corinne ƙauna ce ta kawo ta, ki gaya mata na ce haka, amma kada ki bi. Na farko, ba za ta yi aiki ba. Mutumin da ya san mujallarsa da ƙanshi, minti nawa zai ɗauka kafin ya ga gefen shafi fari fat babu fensirinsa? Na biyu ya fi nauyi. Ciwon nan ya karɓe masa hannu, ya karɓe masa rabin magana, yanzu kowa na yanke masa abinci yana yanke masa shawara. Abin da ya rage masa shi ne in matarsa ta ce abu kaza ne, to haka ne. In ya gano kun haɗa baki kun sauya masa 'ya'ya, ba mujallu kaɗai zai rasa ba. Daga ranar, ko cewa kika yi likita ya ce yana samun sauƙi, sai ya yi shakka. Kuma ke ba ki iya ƙarya ba, matar da ta bar inji yana tsotsar ɗaki wayam.

Tsoron lafiyarsa gaskiya ne, don haka ki bi ta hanyarsa. Ki sami likitansa ko babbar ma'aikaciyar jinya ki ce kina da labari marar daɗi da za ki ba shi, su zaɓa miki lokaci. A can za ki faɗa masa, yanzu, inda akwai masu lura da shi, ba ranar dawowa ba yana tsaye a bakin ƙofa da sanda ya yi arba da korayen littattafai. Corinne ta zo, amma ta jira a waje. In ya yi fushi, ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. In ya juya fuska bango kwana biyu, ki ci gaba da kawo miya. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki rushe da kuka har ya zama shi ne ke lallashinki. Ki bar shi ya yi makokin abinsa tukuna.

Yanzu ga abin da ruɗewa ta hana ki gani. Aikin Orrin ba a mujallun yake ba, a akwatin girkinki yake. Mujallun wurin tono ne, abin da ya tono yana kan katunan, kuma ko ɗaya bai ɓata ba. Da wata da shekara da lambar shafi, duk tallar da ya taɓa yi wa alama za a iya sake samo ta. Wasu manyan laburare suna da mujallar a fim ɗin nan da ake dubawa a na'ura, da tallarta da komai, ki tambayi ta garinku ta aro muku. Mutumin Ohio kuwa ki ajiye lambarsa. In Orrin da kansa ya ce a sayo, sai a sayo, ido biyu. Korayen littattafan ma kada ki tsane su. A ɗora ɗaya a kan abin ɗora littafi, mai hannu ɗaya zai iya buɗawa ba tare da ya marmashe ba, kuma ina zargin akwai bayanan malamai na shekara arba'in da shida da maigidanki bai taɓa karantawa ba.

Masu karatu, kun ji. Akwatin barguna, shuɗi, tsuntsaye biyu suna fuskantar juna, an gan shi na ƙarshe a Pennsylvania a 1959. Cikinku akwai tsofaffin dillalai da ba sa tuna inda suka ajiye haƙoransu amma suna tuna duk akwatin da ya taɓa bi ta hannunsu. Akwai kuma masu Oktoba 1951 da Mayu 1959 a jibge a gareji. Ku rubuto mini. Ban yi wa kowa alkawarin za a same shi ba, amma mutum ɗaya ya yi shekara talatin yana nema shi kaɗai, ya isa haka.

Ta Maris 1938 kuwa ba sai an nema ba. Da na gama karanta wasiƙarki na ja kujera na hau, gwiwoyina na zagina, na sauko da kwalin da marigayi mijina ya bari a saman kabad. Tana ciki. Ɓera ya ci kusurwa ɗaya, ga zoben kofin mijina a bango, shi ba ya da dokar Orrin. Na buɗe ta baya. Shafi na xxxi, can ƙasa ta hagu, 'yar talla da ba ta kai tafin hannu ba, da sunan da kika rubuta a 'yar takardarki. Hoton ya dushe, amma tsuntsayen suna nan, ɗaya ya ɗan fi ɗaya ɗaga kai. Orrin ya yi gaskiya, za ki so su. Mujallar ba ta Lyman ba ce, ba za ta zama ba. Na sa ta a gidan waya jiya, tsakanin kwali biyu. Ki rufa mini asiri kada ki kai ta ɗauri.

Saura tambayarki ta ƙarshe, ta ina za ki fara. Ai kin riga kin fara, kin ma gama. Ban taɓa karɓar bayanin laifi da ya kai wasiƙarki gaskiya ba, kuma da baki ba za ki iya faɗin rabinsa ba, kuka zai tare ki tun a wajen miyar kaza. Don haka ranar Laraba kada ki ce ban yi rubutu ba, ni ban taɓa fashi ba kuma ya sani. Ki ɗauki jaridar, da akwatin katunan, da ambulan da na aiko. Ki ja kujera ta gefen hagunsa. Ki karanta masa tun daga "Don Allah ki taimake ni", kada ki tsallake layi ko ɗaya.

In kin kawo nan, to, kai nake wa magana, Orrin, ko ma wane ne sunanka. Na ji an ce bakina reza ne, to ga kaɗan. Shekara da shekaru kana ihu daga bene a zo a gani, ko sau ɗaya ba ka sauko da mujallar kicin ka ce, wannan akwatin uwata ne, ke nake nema wa ba. Wake ba ya hana mutum ji. Ka yi fushinka, an yi maka ɓarna babba. Amma ka dubi wadda ta yi ta. Sawu uku ta yi da mota don kada ka kwana nesa da abin da kake so. Yanzu hannunka na dama ya tafi hutu, aikinka kuma bai ƙare ba, kana bukatar mai buɗa maka shafi da mai riƙe fensir. Ga ta nan zaune a gefenka, ta sauke waken.

Nettie, ajiye jaridar haka nan. Buɗe ambulan, ki juya mujallar ta baya, ki ce ya nuna miki.

Allah ya ba shi lafiya, ya dawo da shi gida da ƙafarsa, ya bar ku tare.

Gwaggo Hester